WARIN DA KE BAYAN BANGON UMMA

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun kafin in karya, duk na gan ku. Ke kuma da kika ce za ki zo har gida ki ƙwace wayar ki ƙarasa rubutun da kanki, ƙofa a buɗe take, akwai wanki yana jira. Ga naku.

*

Ƙafa ɗaya Auta ta sa a sabon ɗakin Umma ta tsaya cak.

Yayanta bai lura ba. Yana tsakiyar ɗaki yana ta zuba, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana nuna fanka, yana nuna labule, yana nuna bangon da ya sa aka lulluɓe da katako aka manna masa takarda mai furanni. Shi ya tsaya a kan gyaran ɗakin nan daga sama har ƙasa, kuma yau ne Umma za ta koma ciki bayan ta sha kwanan falo har bayanta ya ƙage. In ka ga yadda yake shafa bangon sai ka ce shi ya haife shi.

Umma tana bakin sabon gado da jikanta Dunƙule a cinya, tana yi masa tsiya wai maigidanta ya zo ganin ɗaki hannu rabbana. Malam, mijin Auta, yana rungume da jakar kayan yaro, yana gyaɗa wa Yaya kai a duk inda ya kamata a gyaɗa.

Auta ta ja numfashi. Ta sake ja, a hankali, ido rufe.

"Ɗakin nan yana wari," in ji ta.

Da murmushi ta faɗa, murmushi har kunne, sai ga hawaye yana bin kumatunta. Kowa ya juyo. Jakar da ke hannun Malam ta sulale ƙasa.

Dole su juyo. Tun Auta na ɗauke da cikin Dunƙule wani zazzaɓi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya ya tafi da hancinta. Ba ƙamshi, ba wari, duniya ta zame mata salam. Ga wani wannan ƙaramin abu ne, ita kuwa da hancin take aiki. A ɗakin binciken da take, fumfuna suke rainawa a faranta, su tara iskar da take fitarwa, su tura ta cikin wata na'ura mai rarrabe ta kashi-kashi. A ƙarshen bututun na'urar akwai kujera, a nan mutum ke zama yana shinshinawa yana faɗin abin da ya ji. Kujerar Auta ce. Yanzu wata ce a kai, ita kuma an ba ta kwamfuta tana shigar da abin da hancin wasu ya ji.

Amma ba kujerar ce ke hana ta sukuni ba. Ɗanta ne. Duk wanda ya ɗauki Dunƙule sai ya cusa hanci a wuyansa ya lumshe ido ya ce wayyo ƙamshin jariri, ita da ta yi naƙudarsa ba ta taɓa ji ba ko sau ɗaya. Ko ɓata wando ya yi sai Malam ya gaya mata. Ga shi yaron har ya fara zama, kuma ta ji Umma da kunnenta tana gaya wa maƙwabciya cewa ƙamshin nan ba ya daɗewa, da yaro ya fara rarrafe shi ke nan ya tafi.

Yaya ne ya fara samun bakin magana.

"Wane ɗakin?"

"Wannan, Yaya."

Ya shaƙi iska da ƙarfi, ya ce ai fenti ne, jiya-jiya aka gama shafa wa ƙofa, ko shi kansa har ciwo yake masa. Malam ya yi saurin cewa haka ne, fenti ne, yana kallon matarsa da ido cike da fata. Auta ta girgiza kai. Ta ce ita ba ta jin fenti ko kaɗan. Ba ta jin turaren da Yaya ya fesa wa labule, ba ta jin sabuwar katifa. Abu ɗaya tak take ji, fumfuna, kuma a bayan katakon nan take.

Fuskar Yaya ta canza. Umma ta daina jijjiga yaro.

Kowa a ɗakin ya tuna abu ɗaya, babu dai wanda ya so ya fara faɗa. Kwanakin baya Auta ta taɓa jin wari. Da rana tsaka ta ji ƙauri, ta suri Dunƙule ta fita titi ba takalmi, ta tara maƙwabta da bokitai, tana kuka tana dariya, gida na ci da wuta amma hancinta ya dawo. Aka bincike gidan kaf, ko ashana ba a ƙyasta ba. Likita ya ce haka hanci ke yi wani lokaci, ya ƙirƙiro warin da babu shi. Bayan nan Auta ta kwanta ta juya wa duniya baya, abinci ma sai Umma ta zauna a kanta.

Umma ta miƙo mata yaron.

"To me ya kawo dogon zance? Ga ɗanki nan. Karɓi ki shinshina, in ya dawo ai yanzu za mu sani."

Auta ta ja da baya har ta bugi ƙofa. Ta ɓoye hannuwanta a baya.

"A'a, Umma. Ba yanzu ba."

"Ikon Allah. Ɗan naki?"

"In bango ya ƙaryata ni zan iya ɗauka. In na sa hanci a wuyansa na sake jin babu komai, wallahi ba zan iya ba. A fara buɗe bangon."

Umma ta dube ta, ta mayar da jikanta cinya.

Yaya kuwa kalmar "buɗe" ce ta tsaya masa a wuya. Ya ce wato bangon da ko kwana ba a yi a gabansa ba shi za a ɓalle. Ya ce sai da ya tsaya a kan masu aiki har suka fara kiransa sifeto. Ya ce in ma da fumfuna, ai da an ga baƙi-baƙi a jikin takardar, to ga takarda nan fes, kowa ya duba. Yaya mutum ne da in ya fara kare aikinsa, gara ka nemi wurin zama.

Auta ta share ido da bayan hannu. Da an taɓo aikinta muryarta kan daidaita. Ta ce fumfuna ana jin ta tun kafin a gan ta. In ta samu laima da abin ci, ko katako ne ko takarda ko gam, ba ta cin abincinta shiru. Akwai wani mai a jikinta, doguwar sarƙa, sai ta sa almakashinta ta datse shi.

"Guntun da ya fita kuma ba shi da nauyi," Malam ya karɓe, idonsa a sama kamar mai biya karatu, "sai ya tashi ya bi iska. Shi ne mai warin naman kaza, wannan mai tsirowa kamar lema a jikin ruɓaɓɓen itace. Akwai kuma wani da take ƙerawa ta wata hanya daban, shi ne mai kama da ƙasa in ruwan farko ya sauka."

Yaya ya juya ya kalle shi.

"Kai kuma fa? Ba lissafi kake koyarwa ba?"

Malam ya ce ai tun suna zance ake karanta masa wannan darasin, wasu ana ce musu ina son ka, shi ana gaya masa yadda fumfuna ke datse mai. Umma ta tuntsire da dariya har Dunƙule ya tsorata ya kama mayafinta. Ita ma Auta sai da ta dara.

Ta ce to su biyun take ji, na naman kazan da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, suna fitowa ta tsagar katako. Ta ce hanci in zai dawo ba ya dawowa gaba ɗaya, kuma in akwai warin da nata zai fara ganewa a duniya, to wannan ne, don shekara da shekaru ta yi tana shaƙar sa har ya zame mata kamar muryar ɗan gida.

Ba ta jira izini ba. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta fara bin bango da hanci. Matar aure da ɗanta, da digirinta, ga ta a ƙasa da rarrafe tana shinshina furannin takarda. Malam ya bi bayanta yana janye mata kujera da kwandon shara. Ta wuce taga ba ta tsaya ba. Ta wuce durowa. Da ta iso kan gado sai ta ce Umma ta ɗan tashi, ita da Malam suka ja gadon, ta shige lungun ta ja numfashi.

"Nan ne. Me ke bayan bangon nan?"

"Banɗaki," in ji Umma.

Yaya ya ce banɗakin ma sabon bututu aka sa masa, a gabansa aka ɗaura, mai famfo ya rantse ko ɗigo ba zai yi ba. Auta ta ce ita ba ta ce mai famfo ya yi ƙarya ba, ta dai ce akwai laima a nan, kuma in gaskiya ne bai kamata tsohuwa ta riƙa kwana da kanta a wurin ba. Ya ce ba za a taɓa ba. Ta ce za a taɓa. Ya ce tun tana yarinya haka take da kafiya. Ta ce a wurinsa ta koya.

"Yaya, katako ne fa. Katako ya fi ni?"

Ya cire hannu daga aljihu, ya zauna a hannun kujera, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, duk kumfar bakin nan ta tafi.

"Ke kina ganin katako nake ji? A ƙone katakon. Ranar ƙaurin nan ni na ɗauko ki daga titi, Auta. Ni na ga fuskarki da aka ce babu wuta. In na ɓalle wannan na samu bango fari tas, wa zai sake ɗago ki? Gara ki tafi gida kina cewa Yaya mugu ne ya hana. Aƙalla kina da abin riƙewa."

Auta ta zauna daɓas a lungun. Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Tausayinsa da ƙaunarsa suka cika mata ciki lokaci guda. Malam ya shiga gyaran jakar yaro da ba ta buƙatar gyara.

Umma ce ta raba gardama. Ta ce ɗakin dai nata ne, bangon nata, su biyun ma nata ne. Ta ce in babu komai ita za ta ɗago 'yarta kamar yadda ta saba tun ba a haifi katako ba, in kuma akwai, to ba ta ga dalilin da za a bar yarinya tana tsoron wuyan ɗanta ba. Ta ce wa Yaya ya je ya nemo abin ɓallewa.

Ya fita. Suka ji ya buɗe bayan mota. Ya dawo da ƙarfen cire taya, ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban furanninsa.

"Ina?"

Ta nuna da yatsa.

Ya yi bisimilla, ya cusa bakin ƙarfen a tsaga ya danna. Takarda ta yage, ƙusa ta yi ƙara, katakon ya ɓallo a hannunsa.

Bango fari. Busasshe ƙayau.

Yaya ya shafa simintin da tafin hannu, ya duba tafin, ya sake shafawa kamar zai matso ruwa da ƙarfi. Malam ya matso kusa da matarsa. Auta ta ji tsohon sanyin nan na ranar ƙauri yana hawowa daga ƙafafunta. Ta rufe ido don kada ta ga yadda suke kallon ta.

Da ta rufe idon kuwa sai warin ya ƙaru. Yanzu ba ta tsaga yake zuwa ba, ta ramin da aka buɗe yake bulbulowa, kuma daga ƙasa yake tasowa.

"Yi ƙasa, Yaya. Na ƙasan."

"Auta..."

"Don Allah."

Ya durƙusa. Mutumin da ɗazu yake rantsuwa da aikinsa, yanzu leɓɓansa motsi suke, kuma Malam da ke kusa ya ji abin da yake cewa. Roƙon Allah yake Ya sa aikin ya ruɓe.

Wannan katakon bai yi ƙara ba. Laƙwas ya taho, ya karye biyu a hannunsa. Bayansa baƙi ƙirin, da kore-kore, da wani farin gashi kamar auduga, siminti kuma sharkaf, ruwa yana tsattsafowa ta wata 'yar tsaga yana gangarawa ƙarƙashin tayil. Warin ya bugi kowa lokaci ɗaya. Umma ta toshe wa jikanta hanci da mayafi ta yi bakin ƙofa da shi, Malam ya hau tari.

Yaya ya ɗaga ruɓaɓɓen katakon sama da hannu biyu.

"Alhamdulillahi! Ya ruɓe! Umma kin gani? Ya ruɓe!"

Ya shiga zagaya ɗaki da shi. Ya ce mai famfon nan Allah Ya yi masa albarka, sai ya saya masa shadda, bayan ya gama ci masa mutunci. Umma tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake murnar ɓarna ba sai nata. Malam ya rasa wanda zai runguma, ya rungumi Yaya da katakon gaba ɗaya, farar rigarsa ta tashi daga aiki.

Auta tana durƙushe gaban ramin tana shaƙa. Da ƙyar ta tuna aikinta, ta ce a buɗe tagogi, kowa ya fita, kada a ƙara taɓa katakon da hannu, kuma Umma ta haƙura da falo tukuna. Umma ta ce falo ai sun saba. Sai da suka fito tsakar gida, kowa ya wanke hannu a famfo har gwiwar hannu, sannan hayaniyar ta lafa.

Umma ta tako har gaban Auta. Wannan karon sai ta ɗora mata yaron a ƙirji.

Dunƙule ya kama ɗankunnenta yana gwaranci. Yana naɗe cikin ɗan bargonsa mai ruwan ƙwai, kansa ya jiƙe da gumi, wuyansa ninki-ninki. Auta ta kalli Malam. Ya gyaɗa mata kai, wannan karon da gaske.

Ta sunkuya ta cusa hancinta a wuyan ɗanta.

Da farko babu komai. Sai can, siriri, kamar daga nesa, wani ɗumi-ɗumi ya taho. Ƙarnin nono. Ɗan tsamin gumi. Da wani abu a ƙarƙashinsu mai laushi da ba ta da sunansa, ita da ta sa wa wari ɗari suna a wurin aiki. Ta zauna a kan dakali, ta ƙanƙame shi tana kuka da sauti, kukan daɗi, har shi ma ya tsaya yana kallon ta.

"Ashe haka kake," take ce masa. "Ashe haka kake, ban sani ba."

Yaya ya juya baya wai wani abu ya faɗa masa a ido. Umma ta ce a bar ta ta more, bashin watanni take karɓa. Auta ta shinshina kansa, ta shinshina tafin hannunsa, ta shinshina bayan kunnensa. Ta ɗago ƙafarsa ta shinshina, ta yi dariya ta ce Malam ya kawo jaka, yau ita ce ta fara sani, yaron nan ya ɓata wando.

Malam ya ruga ya ɗauko. Ta warware bargon za ta shimfiɗa a cinyarta, gefensa ya gogi fuskarta.

Ta tsaya.

Ta kai shi hanci. Ta juya ɗaya gefen, wanda bai taɓa jikin kowa ba, ta sake kaiwa. Warin fumfuna ne, amma ba irin na ɗakin Umma ba. Wannan ya fi kauri, ya fi tsufa, ya riga ya kama zaren.

"Malam, bargon nan daga ina ka ɗauko shi da safe?"

"Daga gadonsa mana. Wanda ke jikin bangon da ya raba ɗakinmu da kicin. Lafiya?"

Auta ta miƙe da ɗanta a kafaɗa. Yaya yana bakin mota, ya buɗe baya zai jefa ƙarfen cire taya.

"Yaya, kada ka ajiye ƙarfen nan. Tayar da mota, gidana za mu."